Ɗana zai hau dutse a Afrilu, ya ce sanyi ya wuce: da sauran haɗari?

Wata Hajiya daga unguwar Nima a Accra ta aiko mini da tambaya ta hannun ƙanwata. Ɗanta yana karatu a Trento, arewacin Italiya. Abokan karatunsa sun shirya hawa dutse a hutun Ista, su kwana a wata bukkar matafiya can sama, inda mota ba ta zuwa. Ita kuwa ta ga bidiyon zaftarewar dusar ƙanƙara a waya, barci ya ƙaurace mata. Da ta yi masa magana sai ya ce, "Mama, wannan ai na tsakiyar sanyi ne, yanzu rana ta fito, dusar ma narkewa take yi." Tana so ta san ko haka abin yake.

Hajiya, barka da war haka, Allah ya raya mana shi ya kawo shi gida lafiya. Yaronki ba ƙarya ya yi miki ba, iyakar saninsa ya faɗa, ni ma haka na ɗauka a shekarata ta farko. Hunturu goma sha uku na yi a tsaunukan wannan yankin da yake zaune. Da wanke-wanke na fara a kicin ɗin otal, daga baya aka ɗauke ni cikin masu duba lafiyar hanyoyin wasan zamiya kafin a buɗe wa jama'a da safe, har na yi kwas ɗin auna dusa na AINEVA, ƙungiyar da ta haɗa ofisoshin gargaɗin zaftarewa na yankunan tsaunukan Italiya. Yanzu ina Kumasi ina sayar da kayan gyaran mota a Suame, amma abin da ido ya gani bai gushe ba. Narkewar nan da yaron ya kwantar miki da hankali da ita, ita ce tushen haɗarin watan Afrilu.

Sunan da muka ba abin yana yaudararmu. Mun ce dusa, sai mutum ya hango dusar masara da ake zuba wa awaki, ki hura ta tashi. Ranar da ta sauko daga sama haka take: ki cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, nauyinta bai wuce kilo 50 zuwa 100 ba. Amma wadda ta kwana wata huɗu a kan dutse, ta danne kanta, ta sha ruwa, wannan akwatin zai kai kilo 400 zuwa 500. Buhun siminti takwas zuwa goma kenan a akwati guda. In gefen dutse mai faɗin filin ƙwallo ya ɓalle, ki lissafa da kanki abin da yake saukowa.

Kuma ba dunƙule ɗaya take ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙa ya ga yadda ƙasa ke canzawa, jar ƙasa, yashi, tsakuwa, marmara. Mu ma rami muke haƙawa a cikin dusar har mu taɓa ƙasa, mu share bangon ramin da safar hannu, sai tarihin hunturun gaba ɗaya ya fito a jere. Ga wadda ta sauko a Disamba, ga ɓawon da rana ta gasa a Janairu, ga wadda iska ta daka ta yi tauri kamar allo. Ana gwada taurin kowane hawa da hannu: in dunƙulallen hannu ya shige, laushi ne ƙwarai, wani sai yatsu huɗu, wani yatsa ɗaya, wani sai fensir, wani kuwa sai wuƙa. Abin da muke tsoro shi ne mu tarar da hawa mai tauri zaune a kan hawa mai laushi.

Mafi munin mai laushin a can ƙasa yake. A farkon hunturu, lokacin dusar ba ta yi kauri ba, ƙasar da ke ƙarƙashinta tana nan wajen digiri sifili, alhali iskar sama ta kai goma ko goma sha biyar ƙasa da sifili. In bambancin ya kai digiri 10 a kowace mita, tururi yakan riƙa tasowa daga ƙasa yana sake ƙera ƙwayoyin, su zama manya masu kusurwa, ba sa riƙe juna. Ki ɗebo su a tafin hannu ki matse, ba za su dunƙule ba, sai su zube ta tsakanin yatsu kamar sukari. Abokan aikina ma sukari suke ce musu. Wannan sukarin zai iya kwanciya tun Disamba har Mayu da mita biyu na dusa a kansa, daga sama ba abin da ke nuna yana nan.

A tsakiyar Maris na 2022 mun wayi gari dutsen ya yi ja-ja kamar an barbaɗa masa garin bulo. Ƙurar Sahara ce iska ta tsallako teku da ita, 'yar'uwar wadda ke rufe mana Kumasi a hunturu har leɓe ya tsage. Na daɗe a tsaye ina kallo, kewar gida ta kama ni. Makonni bayan haka in muka haƙa rami sai mu ga siririn jan layi a bangon, ranar tana rubuce. Ga aikinmu kuwa ƙurar tana da tasiri: sabuwar farar dusa tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken rana sama, amma in ta yi datti sai ta riƙa shan zafin, kamar bambancin farar riga da baƙa a tashar Kejetia da tsakar rana.

To ga abin da Afrilu ke kawowa. Rana ta ɗaga sama, yini ya yi tsawo, saman dusar ya fara narkewa. Ruwan ba gangarewa yake yi ta sama ba, nutsewa yake ciki, yana neman hanya a hankali. Inda ya tarar da ɓawo mai tauri sai ya kwanta a kansa ya mai da wurin santsi. Inda ya kai ga sukarin nan, ki tuna abin da ke faruwa in kika ɗiga shayi a kan ƙwayar sukari. Ranar da ruwa ya fara isa wannan hawan, wanda bai taɓa jiƙa shi ba tun da aka shiga hunturu, ita ce ranar da gefen dutse ke ɓallewa har ƙasa, a ga ciyawa da laka da duwatsu a bayansa. Ruwan sama a kan dusa yana yin wannan aikin cikin sa'o'i kaɗan, haka ma iskar nan mai ɗumi da ke gangarowa daga tsaunuka, wadda suke kira Föhn.

Amma Afrilu yana da wani alheri da Janairu ba shi da shi, shi ya sa ƙwararru suka fi son hawa manyan tsaunuka a wannan lokacin. Dare yana gyara abin da rana ta ɓata. In sama ta yi tas, taurari suka fito, zafin saman dusar yakan tsere sama, ruwan da ke ciki ya daskare, a wayi gari da ɓawo mai kaurin taƙi ko kusa da haka, wanda zai ɗauki ƙato ya yi tafiya a kansa kamar a kan daɓe. Ko da ma'aunin zafi ya nuna digiri biyu ko uku sama da sifili, in dai sama a buɗe take kuma iska busasshiya ce, zai daskare. In kuwa hadari ya rufe sama, ya zama bargo, zafin ba ya fita. Sai a wayi gari da siririn ɓawo na yaudara, ƙarƙashinsa koko. Saboda haka abin da nake fara yi in na tashi sallar asuba shi ne in leƙa taga in nemi taurari. Daren da ban gan su ba, na san ranar za mu rufe hanyoyi da wuri. Dare biyu ko uku a jere babu daskarewa, ba mai hankalin da zai shiga ƙarƙashin gangare.

Wannan ɓawon aronsa aka ba mutum, kuma rana ce ke karɓe shi, gefe-gefe. Gangaren da ke fuskantar gabas shi ke fara sakewa, tun da hantsi. Na kudu ya biyo kafin rana ta take tsaka, na yamma kuma bayan azahar. Wuri guda, mutum guda, ƙarfe bakwai na safe lafiya lau, ƙarfe ɗaya na rana kuwa ya zama tarko. Shi ya sa masu abin suke fita da fitilar goshi tun duhu bai waye ba. A bakinmu na musulmi, a yi asuba a kama hanya, azahar ta same ka ka riga ka sauko ko kana cikin bukka ka cire takalmi. Matasa kuwa akasin haka suke yi. A yi hira har dare ya raba, a tashi ƙarfe tara, a sha kofi, a shiga mota, a fara hawa ƙarfe goma sha ɗaya cikin 'yar riga saboda garin ya yi daɗi. Wannan ya fi komai ba ni tsoro a tafiyar da kika bayyana.

Dusar tana faɗin halin da take ciki ga wanda ya kula. In takalmi ya fara nutsewa ya wuce idon sawu, lokaci ya fara ƙurewa. In ya kai gwiwa, ya riga ya ƙure. In ka dunƙula ta a hannu ruwa ya ɗigo, in ƙananan curi suna gangarowa da kansu daga gindin duwatsu suna naɗewa kamar tabarma, in ka ga sabuwar zaftarewa a gangaren da ke fuskantar inda naka yake fuskanta, to juyawa ake yi.

Wata rana a ƙarshen Maris aka aike mu mu biyu mu rufe wata hanya da ke bi ta cikin kwari zuwa wata bukka, saboda daren bai daskare ba. Muna isa muka hango mutum uku sun riga sun wuce, sanye da faffaɗan takalman nan na tafiya a kan dusa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya suke, ba hawa ba gangara, yaro ma zai bi. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na ji ƙara kamar tifa tana juye tsakuwa. Daga can sama ta taso, inda ba kowa, ta biyo wani kwazazzabo, ba ta ma da saurin kirki, launinta ruwan ƙasa-ƙasa, tana tafe da rassan itace. Biyu suka tsere. Na ukun, wata mata mai kimanin shekarun ƙanwata, ta kama ta ta binne ta har ƙirji. Fuskarta a waje, tana magana, tana kuka, amma ko yatsan ƙafa ba ta iya motsawa, numfashi ma da ƙyar, don duk fitar da iskar da ta yi sai abin ya ƙara matse ta. Da zarar irin wannan dusar ta tsaya, ƙanƙamewa take yi kamar kankare. Mu biyu majiya ƙarfi da shebur na ƙarfe, sai da muka haura minti ashirin kafin muka zaro ta, ƙafa a karye. Da taƙi biyu aka ƙara a kanta, da wani labarin nake ba ki.

Abin lura a nan, ba su hau ko'ina mai haɗari ba, a ƙarƙashinsa suka bi. Yawancin zaftarewa tana tasowa ne daga gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, wato misalin matakalar bene ko ya ɗan fi, amma inda take tsayawa yana can ƙasa a fili. Ke da ke Nima kin san babban gwatan nan da ya ratsa tsakaninku da Mamobi: ba sai an yi ruwa a ƙofar gidanki zai cika ba, na unguwannin sama ne ke taruwa ya zo. Kwazazzabon dutse haka yake. Mai tafiya a bazarar Turai dole ya riƙa ɗaga kai yana tambayar kansa me ke samansa, kuma tun yaushe rana ke dukansa.

Akwai iri biyu da ba ruwansu da wannan lissafin na agogo. Na farko, a gangare mai santsin ciyawa dukan dusar takan riƙa zamewa a hankali, ta tsage daga sama, ƙasa ta bayyana baƙa a cikin tsagar. Italiyawa suna kiran wannan tsaga bakin ƙaton kifin teku. Tana iya ɓallewa da tsakar dare, tana iya kwana goma ba ta motsa ba, ba mai iya faɗin lokacinta. Maganinta kawai kar a tsaya a ƙarƙashinta. Na biyu, can sama sosai, a gefen arewa da rana ba ta cika taɓawa ba, har yanzu hunturu ake a Afrilu. Sabuwar dusa tana sauka, iska tana tara ta ta zama allo a kan tsohon sukari, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsaga shi. Irin wannan busasshiyar tana gudu fiye da kilomita 100 a awa, kuma a cikin haɗurra goma, kusan tara wanda abin ya rutsa da shi ne ko abokin tafiyarsa ya tayar da ita. Ranar Ista ta 2023, 9 ga Afrilu, zaftarewa a Armancette kusa da dutsen Mont Blanc a Faransa ta kashe mutum shida, biyu daga cikinsu ƙwararrun jagorori ne da wannan ce sana'arsu. A tsaunukan Alfs gaba ɗaya, kimanin mutum 100 ke rasuwa ta wannan hanya kowace shekara.

Ba a bar mutane cikin duhu ba. Tun 1993 ƙasashen Turai suka daidaita ma'aunin haɗari mai mataki 5. Yankin Trentino da Tirol ta Kudu da Tirol ta Ostiriya suna fitar da sanarwa guda kullum ƙarfe biyar na yamma a shafin valanghe.report, kyauta, da Italiyanci da Jamusanci da Turanci. A wannan lokacin na shekara sau da yawa taswira biyu ake sawa, ta safe da ta rana, safiya mataki 1 ko 2, bayan hantsi ya koma 3. Inda sababbi ke kuskure, sukan ga 3 cikin 5 su ce ai tsaka-tsaki ne. Kusan rabin waɗanda ke mutuwa a mataki na 3 suke mutuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma a na 2, don a na 4 da na 5 yawancin mutane suna gida. Ranar Armancette ma mataki na 2 aka sanar. Lambar kaɗai ba ta isa ba, sai an karanta bayanin da ke ƙarƙashinta: wane irin haɗari, daga wane tsayi, a wane gefe, daga ƙarfe nawa.

In abin ya riga ya faru, minti ake ƙirgawa. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, fiye da tara cikin goma suna rayuwa, in dai rauni bai kashe su ba. A kai minti 35, kusan ɗaya cikin uku ne ya rage, sauran numfashi ya ƙare musu. Za a kira 112, jirgi mai saukar ungulu zai taso, amma da wuya ya iso cikin wannan ɗan lokacin, don haka abokin tafiyarka shi ne mai cetonka. Kowa sai ya rataya wata 'yar na'ura a jikinsa, can suna ce mata ARTVA, mai aika sigina a kan zango guda na kilohaz 457 ko wane kamfani ya ƙera ta, don a gano inda dusa ta binne mutum, ga doguwar sandar caka mai naɗewa, ga shebur. Tun 1 ga Janairun 2022 dokar Italiya ta wajabta waɗannan ukun ga duk mai fita wajen hanyoyin da ake kula da su a inda akwai haɗarin zaftarewa, har da masu tafiya a ƙafa. Ana samunsu haya. Sai dai riƙe su ba tare da an koyi aiki da su ba bai da amfani, kuma a jiƙaƙƙiyar dusar Afrilu, mai nauyi da ƙarancin iska a cikinta, ko da su ɗin ma rabon tsira ya fi ƙanƙanta.

Akwai abin da ba a rubuta a sanarwa, na kuwa san shi a jikina. Yaronmu da ya tashi a Zongo, dutsen da ya sani bai wuce na Aburi ko Kwahu ba, Afadjato da muke alfahari da shi ko mita dubu bai kai ba. In ya samu kansa shi kaɗai baƙar fata cikin 'ya'yan Turawa da suka tashi a gindin dutse, kunya za ta hana shi tambaya, ba ya so a ce Bagane ne matsoraci. Zai ɗauka sun sani, alhali haihuwa a gindin dutse ba ta koya wa kowa karanta dusa, kamar yadda ba duk ɗan Jamestown na bakin tekun Accra ne ya iya tuƙa kwalekwale ba. Na sha bin sawun mutane ina jin ƙafata tana nutsewa, zuciyata tana ce mini koma, bakina ya kasa furtawa. In ya ce miki komai ƙaddara ne, gaskiya ne, amma ki tuna masa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Shawarata, Hajiya, kar ki hana shi kai tsaye. Yaron da ke nesa in an hana shi, tafiya zai yi ya ɓoye, ke kuma ki rasa sanin inda yake. Wurin yana da kyau ƙwarai, ina so ya ga fitowar rana a kan waɗannan tsaunuka ko sau ɗaya. Ki tambaye shi ƙarfe nawa za su kama hanya, ƙarfe nawa kuma za su isa. In ya ce bayan karin kumallo, ki ce ba ki yarda ba. Ki tambaye shi wa zai ja su, kuma ko wannan mutumin ya taɓa yin kwas. In duk ɗalibai ne 'yan'uwansa, su haɗa kuɗi su ɗauki jagora mai lasisi, ko ya je ofishin SAT, ƙungiyar masu hawa dutse ta Trentino da aka kafa tun 1872, a cikin garin Trento take, suna shirya fita da sababbi suna kuma koyarwa. Su buga wa mai kula da bukkar waya kwana ɗaya kafin tafiya, su tambaye shi ko hanyar tana bi ta ƙarƙashin gangare da kuma ko dare yana daskarewa. Mutanen nan kullum idonsu na kan dutsen, ba sa ɓoye gaskiya. In bukkar a rufe take babu mai kula da ita, wannan tafiyar ba ta sabon shiga ba ce. Kar a manta kuma da komowa, don washegari ma sai sun bi ta wannan kwarin, dole su sake yin sammako.

In an yi ruwan sama, ko sabuwar dusa ta sauka cikin kwana biyu kafin ranar, ko sanarwa ta nuna 3 tun da safe, su ɗaga tafiyar, ko su zaɓi bukkar da ake zuwa ta hanyar da hukuma ke kula da ita. Ki ce masa ya turo wa ƙanwata sunan kwarin da sunan bukkar, da hoton taswirar da za a fitar ƙarfe biyar na yammacin jajibirin tafiyar. Zan duba, in kira shi a daren mu yi magana.